Kalmomin sirri 214 da makulli guda ɗaya

Na yi kusan shekara takwas ina ajiye wani fayil a kwamfutata mai suna lissafi.txt. Babu lissafin komai a cikinsa. Kalmomin sirrina ne jere reras, a rubuce ƙuru-ƙuru yadda duk wanda ya buɗe zai karanta. Na laƙaba masa wannan sunan ne wai don in ɓad da sawu, kamar ɓarawon da ya iya shiga kwamfutar mutum zai ga kalmar lissafi ya ce a'a, nan ba hurumina ba ne, ya wuce.

Kuma duk tsawon fayil ɗin, kalmomi uku ne kacal nake ta juyawa. Akwai ta wuraren da ban ɗauka da muhimmanci ba, akwai ta tsaka-tsaki, akwai kuma wadda nake kira babba, ta imel da banki. Dukkansu uwarsu ɗaya: wata kalma da nake so tun ina ɗalibi, sai in maƙala mata lamba a baya. In shafi ya matsa sai na sa alama, in ƙara alamar motsin rai a ƙarshe. In ya ce in canza, 7 ta koma 8. A lokacin ina ganin wayo nake yi.

Wata safiya na tashi na tarar da saƙo cewa an yi ƙoƙarin shiga imel ɗina daga wata ƙasa da ko a mafarki ban taɓa taka ta ba. Abin da ya sa gabana ya faɗi shi ne saƙon bai ce an gwada kalmar da ba daidai ba. An sa kalmar daidai. Lambar tabbatarwa da ake turowa a waya ce kawai ta tare hanya, ita ma na kunna ta ne ba da jimawa ba don an dame ni da tuni. Na shiga Have I Been Pwned, shafin da Troy Hunt ya buɗe a 2013 don mutum ya duba ko adireshinsa na cikin bayanan da aka sace, sai ga ni tsamo-tsamo a ciki. Wani tsohon shafi ne da na yi rajista sau ɗaya na manta da shi, kuma ranar da na yi rajistar, saboda gaggawa, babbar kalmar na ba su.

Masu kutse ba sa zama su yi ta cankar kalmar mutum ɗaya. Suna samun jerin adireshi da kalmomin sirri daga wurin da aka fasa, sai su ba manhaja ta bi manyan shafuka tana gwada kowanne. A 2009 an fasa wani shafi mai suna RockYou, aka kwashe kalmomi kimanin miliyan 32 waɗanda ko kulle su ba a yi ba, kuma har yau wannan jerin ne abin da masu gwajin tsaro ke fara jarrabawa da shi. A 2012 aka ce an saci kalmomin LinkedIn miliyan 6.5, sai a 2016 ta bayyana adadin ya haura miliyan 100. Wanda ke maimaita kalma ɗaya a ko'ina, tsaronsa bai wuce na mafi sakacin shafin da ya taɓa ba wa ita ba. Na san wannan tun da daɗewa, har wa'azinsa ina yi wa wasu. Aikatawa ce ban yi ba.

Da na tashi neman ma'ajiyar kalmomin sirri, na duba irin waɗanda kowa ya sani, masu kyawun fuska da maɓallai, kuma ba ni da abin zargi a kansu. Amma ni yinina a baƙin allo nake yinsa, ina buga umarni, hannuna ba ya son barin allon rubutu ya je neman linzami. A nan na ci karo da wata 'yar manhaja mai suna pass. Jason Donenfeld ne ya rubuta ta, ta fito a 2012, shi ne kuma mutumin da daga baya ya yi WireGuard, manhajar kulle sadarwa tsakanin kwamfutoci, wadda aka shigar cikin zuciyar Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 2020. Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali, don ba aikin wani mai neman suna na kwana biyu ba ne.

Abin da pass take yi ana iya faɗarsa a numfashi ɗaya. Tana buɗe folda a kwamfutarka mai suna .password-store. Kowace kalmar sirri fayil ce guda a cikin foldar, an kulle ta da GPG, wata manhajar kulle bayanai. Shi ke nan. Babu rumbun bayanai na musamman, babu asusu da za ka buɗe, babu kamfanin da ke riƙe maka komai. In kana son ka kasa su, sai ka yi folda cikin folda kamar yadda kake yi da takardunka: banki a nan, aiki a can. In ka buga pass kaɗai, sai ta zana maka su kamar reshen bishiya.

Ita kanta manhajar rubutun bash ce, wato yaren umarnin baƙin allo, layi 700 da 'yan kai. Na zauna wani dare na karanta ta daga sama har ƙasa. Ba zan ce na gane kowane layi ba, amma na ga inda take kiran GPG, na ga inda take ɗebo haruffa daga rijiyar lambobin bazata ta kwamfuta, na ga inda take share abin da ta kwafa. Tun da nake amfani da kwamfuta, wannan ne karo na farko da na karance abin da zan damƙa wa sirrina. Kuma na lura da wani abu da ya fi burge ni: ko gobe a wayi gari babu pass a duniya, fayilolina na nan, umarnin gpg -d kaɗai ya isa ya buɗe kowanne.

To amma sauƙin nata yana da farashi, kuma a ƙofa ake biya. Kafin ka ajiye ko kalma ɗaya sai ka mallaki makullin GPG, shi kuwa GPG tsoho ne mai taurin kai. Werner Koch ya fitar da shi a 1997, a kan tafarkin PGP, manhajar kulle saƙo da Phil Zimmermann ya yi a 1991, kuma har yau yana magana da kai kamar ka riga ka san komai. Makullin kashi biyu ne. Akwai na fili, wanda da shi ake kullewa, ko ka raba wa duniya babu komai. Akwai na sirri, wanda shi kaɗai ke buɗewa. Na sirrin shi ma a kulle yake da wata jimla da za ka riƙe a ka. Na yi kwana biyu ina rikita waɗannan ukun. Sau ɗaya ma na ƙirƙiri makulli, na manta jimlar kafin in gama shan ruwa, na goge na sake. Gara da abin ya faru a ranar da ma'ajiyar take wayam.

Wajen zaɓen jimlar ce na fi daɗewa, tunda ita ce za ta tsaya a madadin sauran duka. Na bi hanyar da Arnold Reinhold ya fitar a 1995, wadda ake kira Diceware. Jerin kalmomi ne guda 7776, kowace da lambarta mai gurbi biyar. Za ka jefa ɗan ludo sau biyar, lambobin da suka fito su nuna maka kalma ɗaya, ka maimaita har ka tara shida. Hikimar ita ce ba kai ka zaɓa ba. Mutum in aka ce ya zaɓi kalma ta bazata, sunan ɗansa zai kawo, ko ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya. Ɗan ludo kuwa bai san ka ba. Kalmomi shidan da suka fito mini ba su da wata alaƙa da juna, sai na ƙulla musu wani labarin shirme a kaina, na yi mako guda ina maimaitawa safe da yamma kamar mai hadda. Yanzu yatsuna ne suka haddace ta. In aka ce in faɗe ta da baki, sai na ɗan yi jim.

Daga nan sai pass init da sunan makullin, ma'ajiya ta buɗe. Ƙaurar ce aiki. Da na ce zan kwashe abin da ke cikin lissafi.txt in zuba kawai, sai na ga wauta ce in ɗauki kalmomin da aka riga aka sace in sa su a akwatin ƙarfe. Don haka na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ina shiga, ina canzawa. Mako uku na yi, kullum da dare kamar goma-goma. A hanya na gano asusu sun fi 40 da ban ma tuna na buɗe su ba, na rufe waɗanda suka yarda a rufe. Wasu shafukan kuwa shiga da sauƙi, fita sai an kai ruwa rana.

Umarnin da na fi bugawa a makonnin nan shi ne wannan:

pass generate -c aiki/imel

Sai ta ƙirƙiro kalma mai haruffa 25, cakuɗe da manya da ƙanana da lambobi da alamomi, ta kulle ta, ta kwafa mini ita ba tare da ta nuna a allo ba. Haruffan da ake zaɓa daga ciki 94 ne, in ka jera 94 sau 25 ka ninka su da juna za ka sami lamba mai gurbi 50. Babu mai cankar wannan. Abin dariyar shi ne shafukan da ke ƙin karɓa. Wani ya ce kada ta wuce haruffa 16, wani ya ce ba ya son alamomi, sai in ƙara -n ta cire su, in sa tsawon a ƙarshen umarnin. Mafi muni shi ne wanda ya karɓi 25 ɗin shiru, ashe ya datse ta a ɓoye, da na dawo shiga ya ce ban yi daidai ba. Na yi rabin awa ina zargin pass kafin in gane inda gizo ke saƙa.

A yau kalmomi 214 ne a ma'ajiyar, kuma ban san ko ɗaya daga cikinsu ba. Yawancinsu idona bai taɓa ganinsu ba. Da farko abin ya riƙa ba ni tsoro, kamar mutum ya kwana a gidan da bai san inda ƙofarsa take ba. Daga baya sai ya zame mini hutu. Wani abokin aikina ya taɓa cewa, "Malam, ɗan faɗa mini kalmar shafin nan in shiga, sauri nake." Na ce masa wallahi ban san ta ba. Ya zaci rowa ce, har ya ɗan yi fushi.

Akwai daƙiƙa 45 ɗin nan da suka zama wani ɓangare na rayuwata. In ka buga pass -c da sunan shafi, kalmar za ta zauna a wurin da kwamfuta ke riƙe abin da aka kwafa, bayan daƙiƙa 45 kuma ta goge, abin da ke wurin a da ya dawo. Dalilin a fili yake, kada ka manta ka liƙa kalmar bankinka a cikin hira da wani. Amma sau nawa na kwafa, waya ta yi ƙara, na dawo na liƙa, sai in ga adireshin wani bidiyo ne na cusa a gurbin kalmar sirri. Ana iya tsawaita lokacin, akwai inda ake saita shi. Na taɓa mayar da shi 90, bayan kwana kaɗan na dawo da shi yadda yake, don na lura ba lokacin ne ya yi kaɗan ba, hankalina ne ke yawo. Jimlar makullin kuma ba kowane lokaci ake tambaya ba. GPG na da wani ɗan aike da ke riƙe ta na minti goma bayan amfani na ƙarshe, in aka yi ta amfani kuma ba ya wuce awa biyu sai ya sake tambaya.

Tunda kowane fayil rubutu ne kawai, kana iya zuba abin da ka ga dama. Ƙa'ida ɗaya ce: layin farko shi ne kalmar sirri, shi ake kwafa. A ƙasa nake rubuta sunan shiga, da adireshin shafin, da lambobin ko-ta-kwana da ake bayarwa in waya ta ɓace. A nan ne kuma nake ajiye ƙaryata. Tambayoyin nan na tsaro, wai menene sunan makarantarka ta farko, ko sunan dabbar da ka fara kiwo, duk wanda ya san ka ko ya bi shafinka na zumunta zai iya amsa su. Ni yanzu makarantata ta farko sunanta haruffa 20 ne marasa ma'ana, kuma kowane shafi da tasa makarantar. Ranar da wata ma'aikaciya ta nemi in karanto mata amsar a waya, na sha wuya ita ma ta sha. Tun daga nan, in tambaya ce da za a iya nema da baki, kalmomi uku na bazata nake sawa. In ana gyara fayil da pass edit kuwa, a Linux tana buɗe shi ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, ba ta rubuta shi a buɗe a kan faifai.

Sai batun git, wanda Linus Torvalds ya yi a 2005 don bin sawun canje-canje a rubutun manhaja. In ka buga pass git init, daga ranar duk abin da ka ƙara ko ka canza ko ka goge, ana rubuta shi a tarihi kai tsaye. Wannan ya taɓa ceto na. Na canza kalmar wani shafi, pass ta maye tsohuwar da sabuwa, shafin kuma ya tsaya cak kafin ya karɓa. Ga tsohuwa ta tafi, ga sabuwa ba ta shiga ba. Na koma tarihi na ɗauko ta jiya. Da git ɗin ne kuma nake daidaita kwamfutocina biyu, in tura daga nan in janyo daga can.

A nan ne fa ɗan hakin da na raina ya tsone mini ido. Abin da ke cikin fayil a kulle yake, amma sunan fayil ɗin a buɗe yake. Duk wanda ya ga foldar, ko bai buɗe komai ba, ya san bankin da nake hulɗa da shi, da asibitin da nake da kati, da kowane shafi da na yi rajista. In ka sa sunan shigarka a sunan fayil, ka ba shi rabin abin da yake nema. Tarihin git kuma yana faɗin ranar da aka canza kowanne, ke nan yana nuna wace kalma ce ta shekara biyar ba a taɓa ta ba. Na fara ne da ajiye ma'ajiyar a wani shafin ajiyar rubutun manhaja, a sashen da aka ce ni kaɗai ke gani, ina cewa ai komai a kulle yake. Abin da ya farkar da ni labarin LastPass ne na 2022, wani kamfanin ajiyar kalmomin sirri, lokacin da aka saci kwafin ma'ajiyar abokan hulɗarsu. Kalmomin a kulle suke, amma adireshin shafukan ba a kulle ba, kuma masana suka yi ta bayanin yadda wannan kaɗai ya isa a tsara wa mutum saƙon yaudara daidai da shi. Ni ban taɓa amfani da su ba, amma da na dubi tawa ma'ajiyar, sai na ga ramin iri ɗaya ne, ni na haƙa shi da hannuna.

Akwai ƙarin manhaja mai suna pass-tomb da ke sa foldar gaba ɗaya cikin wani kullallen kabari, sai an buɗe shi ake ganin sunaye. Na gwada, na ga ya ƙara mini matakai fiye da yadda zan jure kullum, kuma na san halina, abin da ya yi mini nauyi watsar da shi zan yi. Sai na ɗauki matsakaiciyar hanya. Na sauke ma'ajiyar daga shafin mutane na mayar da ita kan wata ƙaramar kwamfuta tawa, na kulle faifan kowace na'ura gaba ɗaya, na cire sunan shiga daga sunayen fayiloli. Wurare biyar ko shida da ba na son a san ina da alaƙa da su kuma na ba su sunayen da ni kaɗai na san fassararsu. Na sani, dabarar lissafi.txt ce ta dawo ta bayan gida. Bambancin dai yanzu abin da ke ciki a kulle yake da gaske.

Ranar gwaji ta zo a shekara ta biyu. Na kunna kwamfutar tafi-da-gidanka, ta yi wani ƙas-ƙas, allo ya tsaya baƙi. Faifan ya mutu murus. A lokacin ban riga na sa makullin a kwamfuta ta biyu ba, ina ta cewa gobe. Ma'ajiyar na nan lafiya a git, fayiloli sama da 200, kowanne a kulle da makullin da ke cikin faifan da ya mutu. Babu maɓallin na manta kalmata. Babu lambar da zan kira, babu wanda zan yi wa magiya ko in nuna wa katin shaida. Da manhajar kamfani ce, wataƙila akwai wata hanya. A nan kuwa ni ne kamfanin, ni ne kuma mai ƙorafin. Zufa ta karyo mini ina zaune.

Abin da ya fisshe ni wani aiki ne da na yi a makon farko ba don na ɗauke shi da muhimmanci ba, don kawai na karanta an ce a yi. Na fitar da makullin sirrin da gpg --export-secret-keys na sa a filash, na kuma buga shi a takarda da wata 'yar manhaja mai suna paperkey, wadda ke tsamo ainihin sashen sirrin kaɗai ta mayar da shi layukan lambobi. Filash ɗin na neme shi sama ko ƙasa na rasa, har yau ban san inda ya shiga ba. Takardar kuwa tana cikin ambulan tare da takardun makaranta. Na zauna na buga lambobin nan da hannu, layi bayan layi. Kowane layi na da lambar tantancewa a ƙarshensa, in ka yi kuskure za ta nuna maka layin, kuma na yi kuskuren sau huɗu, duk wajen rikita 8 da B. Takardar ita kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa ta da makullin fili, shi kuma Allah ya taimake ni na taɓa tura wa kaina shi ta imel, imel ɗin kuma a buɗe yake a wayata. Da na buga pass banki na ga ta tambayi jimla, na sa, layin haruffa ya fito, na daɗe ina kallonsa kamar wani ɗan'uwa da ya dawo daga doguwar tafiya.

Tsugune ba ta ƙare ba. Karantawa ta yiwu, amma da na zo ajiye sabuwar kalma, GPG ya ce ba shi da tabbacin makullin nan nawa ne. Makullin da na kwana ina bugawa da yatsuna! Ashe in ka shigo da makulli sabuwar kwamfuta sai ka shiga gpg --edit-key, ka buga trust, ka zaɓi 5, wato ka yarda da shi ɗari bisa ɗari. Bayan wata bakwai kuma ya sake ƙin kullewa, wannan karon wai makullin ya ƙare. Ni na sa masa wa'adin shekara biyu da kaina na manta. Ƙara wa'adin aikin minti ɗaya ne in ka san abin da ke faruwa, amma saƙon da yake nunawa ba ya taimakon kowa. Yanzu takardar kwafi biyu ce a wurare biyu, kowace da makullin fili a tare da ita, kuma duk shekara ina ɗaukar rana ɗaya in gwada dawo da komai a kwamfutar da ba ta san ni ba.

A waya abin bai kai daɗin kwamfuta ba, ba zan ɓoye ba. Akwai manhajojin da ke karanta irin wannan ma'ajiya a Android da iPhone, amma sai ka kai makullin sirrinka cikin wayar, ni kuma waya abu ce da nake mantawa a kan tebur. Na yi wa wayar makulli nata daban, na ware folda guda mai kalmomi kamar 20 da nake buƙata a hanya, ita kaɗai wannan makullin ke buɗewa. A burauza kuwa ina amfani da browserpass, ƙarin manhajar da ke ɗauko kalma daga pass, kuma ba don ragwanci kaɗai ba. Ita tana duba adireshin shafi kafin ta kawo kalma, ke nan in aka turo mini shafin bogi mai kama da na banki, ba za ta kawo komai ba. Kwafa da liƙawa da hannu ba su da wannan kariyar, duk inda ka liƙa nan ta tafi. Lambobin tabbatarwar nan masu canzawa duk daƙiƙa 30 ma ana iya sa su a ciki da pass-otp. Na sa na ƙananan shafuka, na imel da banki kuwa na bar su a waya, don in kalma da lamba suna akwati ɗaya, mataki biyun ya koma ɗaya.

Ƙanena ya gan ni ina bugawa wata rana ya ce, "Yaya, ni ma sa mini irin wannan." Na tambaye shi ina zai ajiye makullin, ya ce wane makulli. Na sa masa wata ma'ajiya mai suna KeePassXC, mai fuska da maɓallai, fayil ɗaya kalma ɗaya, kuma yana jin daɗinta. Da ma'ajiyar cikin burauzarsa ma ya tsaya a kai, da ta fi abin da nake yi a da nesa ba kusa ba.

Tambayar da ta fi kowace nauyi daga uwargida ta zo. Tana kallona ina mayar da ambulan ɗin nan wurinsa, sai ta ce, "Maigida, yanzu in ta Allah ta kasance, mu ta ina za mu shiga? Kai kanka ka ce ba ka san su ba." Ban da amsa a ranar. Na gina abin da zai hana kowa shiga, kuma ya yi aikinsa har a kan mutanen gidana. A pass kowace folda na iya samun nata jerin makullai a wani ɗan fayil mai suna .gpg-id, don haka na ƙirƙirar mata makulli, na buga pass init -p gida da nawa da nata, duk abin da ke cikin foldar gida ya sake kulluwa yadda kowannenmu zai iya buɗewa. Na zuba banki, da imel, da duk abin da ake biya wata-wata. Na rubuta mata matakan a shafi guda da manyan haruffa, muka zauna ta jefa ɗan ludo ta fitar da kalmominta shida, tana dariyar yadda suka fito.

Mun gwada sau biyu. Karon farko ta buɗe da taimakona. Karo na biyu na fita daga ɗakin, ta kira ni bayan minti goma, baƙin allon na cewa bai san umarnin pas ba, ta bar s ɗaya. Ta gyara, kalmar ta fito, ta dube ta ta ce to, ta gani, amma ita dai in rubuta mata ta imel ɗin a takarda in sa a ambulan ɗin, tunda da imel ake sake duk sauran. Na buɗe baki zan yi musu, sai na tuna wace ce ta fisshe ni ranar da faifai ya mutu. Na ɗauko biro na kwafe haruffa 25 ɗin, ina ja wa kowane 8 layi a ƙasa don kada ta zaci B ce.